Filin Manoma da Makiyaya: Gyaran Ƙasa Kafin Shuka Ciyawar Kiwo

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina kiwon barewa uku da 'yan tumaki a bayan gida. Na gani a waya yadda mutanen Amurka ke ware fili su shuka wa barewarsu wata ciyawa mai suna kuloba. Ina da fili taku 25 a tsaye, 20 a kwance, jigawa ce. Yaya zan gyara shi in shuka irinta? Daga Malam Haladu, Ringim.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam Haladu. Abin da ka gani gaskiya ne, mafarautan can suna shuka kuloba a gefen daji don namun su saba da wurin. Sai dai ita shukar ƙasar sanyi ce. Zafinmu na Maris zuwa Mayu ba zai bar ta ba, balle a jigawar da ba ta riƙe laima. Danginta da suka san ƙasarmu sun fi maka: waken lablab, ko wakenmu mai yaɗo da ake nomawa don harawa. Duka suna ba dabba abincin gina jiki, suna kuma ƙara wa gona ƙarfi. Mu lablab muke ba da shawara, don yana daɗewa da ɗanyen ganye bayan ruwa ya ɗauke. Akwai irin Rongai da Highworth, kuma cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI da ke Shika ta daɗe tana aiki a kansa.

In takunka ya kai mita guda, filin murabba'in mita 500 ne, wato kashi ɗaya cikin ashirin na kadada. Da wannan za mu yi lissafi.

Fara da sassabe tun cikin Afrilu. Kada ka cinna wa filin wuta, domin ɗan karmamin da ke ruɓewa shi ne abin da jigawa ta fi rashi. Sai ka kai takin gargajiya wanda ya ruɓe, buhu biyar zuwa goma na kilo 50, ka baza shi mako biyu ko uku kafin shuka. Ɗanyen taki yana ƙona tsiro, yana kiran gara, kuma cike yake da 'ya'yan ciyayin da dabbobi suka ci.

Idan ruwan farko ya sauka, kada ka yi gaggawa. Bar ciyawa ta tsiro kamar kwana goma, sannan ka kifar da ita da garma ko haro, zurfin kamu ɗaya. Ciyawar da ka kashe tana jaririya ta rage maka rabin wahalar noman farko. In akwai ƙiri-ƙiri ko jiji a wurin, haro kaɗai ba ya maganinsu, yayyanka su yake yi kowane guntu ya sake tsira. A tone su a tsince saiwar, ko a fesa maganin kashe ciyawa na gilaifoset suna kore shar, a jira kwana 10 zuwa 14 kafin garma ta shiga.

Wajen takin zamani mutane suka fi kuskure. Dangin wake ba yuriya suke nema ba, domin suna haɗa irin wannan takin da kansu a saiwarsu; takin supa suke so. Kilo 10 na supa ya ishi filinka, a cuɗa shi da ƙasa lokacin huɗa, domin ba ya tafiya cikin ƙasa kamar yuriya. In ka watsa shi a sama, a saman zai zauna saiwa ba ta same shi ba. Yuriya kuwa ciyawa za ta ciyar maka, ta kuma sa shukar ta yi kasala wajen haɗa nata takin.

Shuka sai damina ta zauna, ƙarshen Yuni zuwa tsakiyar Yuli, washegarin ruwa mai kyau. Kunya da kunya santimita 75, rami da rami santimita 30, ƙwaya biyu a rami, zurfin gaɓar yatsa biyu, a taka. Kilo ɗaya na iri zai wadatar. A yi noma a mako na biyu ko na uku, a yi maimai a na shida, daga nan yaɗonsa zai rufe ƙasa. Bayan mako shida tuge guda ɗaya ka duba saiwar: in ka ga 'yan gudaji, ka fasa ka tarar da cikinsu jaja-jaja, shukar na haɗa takinta ke nan.

Shinge kuma dole ne tun kafin tsiro. Barewa tsalle gare ta, kuma da ita da tunkiya in suka sami lablab yana ƙarami za su cinye shi har ƙasa. Ka riƙa yanka kana kai musu daga mako na takwas zuwa goma, kana barin kamu ɗaya da rabi a ƙasa don ya sake toho. Af, barewa naman daji ce da doka ke karewa, ka tabbata kana da takardar izini daga hukumar kula da gandun daji.

Tambaya: Ni a fadama nake, ina noman rani da injin ban ruwa. Ba wata kulobar da za ta yi a wurina? Daga Alhaji Sule, Kura.

Amsa: Ranka ya daɗe, kai kana da ƙofa. Akwai wadda ake kira barsim, ita manoman Masar ke ciyar da dabbobinsu da ita lokacin sanyi a bakin kogin Nilu. Tana son ƙasa mai ɗan nauyi da ruwa a kai a kai, kuma lokacinta ɗaya da na alkama, wato Nuwamba, ta ƙare idan zafi ya shigo. Ka gwada fangali huɗu ko biyar tukuna kafin ka ba ta eka guda. Alfalfa ma, wata ciyawar kiwo danginta, gyaran ƙasarsu kusan ɗaya ne, ta fi jure zafi, amma ba ta son ruwa ya kwanta mata ko kaɗan.

Irin nasu ƙanana ne ƙwarai, kusan kamar riɗi, shi ya sa gyaran ya fi na wake wuya. A yi haro sau biyu, a farfasa hoge, a bi da manjagara har fangalin ya daidaita. Sannan a danne ƙasar. Gwajinta mai sauƙi ne: in ka taka sawunka ya nutse fiye da santimita ɗaya, ta yi taushi da yawa, irin zai zurma ya kasa fitowa. A gauraya iri da busasshen yashi don ya bazu daidai, a watsa, a ɗan ja manjagara, kada zurfin ya wuce santimita ɗaya. Na barsim kilo 20 zuwa 25 ne a kadada. Ruwan farko a sake shi a hankali, in ba haka ba zai kwashe irin ya tara a kusurwa ɗaya.

Abu biyu kuma. Ƙwayoyin halittar da ke haɗa wa lablab taki suna nan a ƙasarmu, irin na wake ne, amma na barsim da alfalfa daban suke, sai an sayi hodarsu tare da irin, an shafa a inuwa, an shuka ranar. Sannan tsamin ƙasa: suna son ma'aunin pH tsakanin 6.5 da 7.5. Ɗebi ƙasa daga wuri goma a gonar, zurfin kamu ɗaya, ka gauraya, ka kai wa malamin gona na KNARDA, hukumar bunƙasa noma ta Jihar Kano, ya nuna maka inda ake aunawa. In kana ganin fari-fari kamar kanwa a saman fangali, kada ka ƙara toka ko farar ƙasa, magudanar ruwa wurin yake buƙata.

Tambaya: Bara na shuka lablab, rabi bai fito ba. Daga Hajiya Talatu, Gumel.

Amsa: Hajiya, ɗayan uku ne: tsohon iri da ƙwari suka huda, ko zurfin rami, ko an yi shuka ruwa ya tsaya. Bana ki naɗe ƙwaya 20 a jiƙaƙƙen tsumma na mako guda. In 16 suka tsira, irin lafiya lau. In goma ne, ki sa ƙwaya uku a rami ko ki canza shi.

Tambaya: An ce ɗanyen ganyen nan yana kumbura cikin dabba? Daga Malam Isiyaku, Ɗambatta.

Amsa: Haka ne, Malam, musamman barsim da alfalfa in dabba ta ci da yunwa da sassafe, raɓa na jiki. Ganyen yana yin kumfa a tumbi, iska ta kasa fita, gefen hagu ya tashi kamar ganga. Ka yanka ka bar shi ya sha iska rabin yini, ka fara ba su busasshiyar ciyawa ko kara, sannan ka ƙara musu ɗanyen kaɗan-kaɗan cikin mako guda. In kumburin ya riga ya faru, a ɗura wa tunkiya man gyaɗa kamar rabin kofin shayi a hankali, a riƙa zagayawa da ita, a kira malamin dabbobi nan take.