Keso: Buhun Wuri da Ya Zama Sunan Lamba

Wani malamin lissafi daga Tudun Wada, Zariya, ya rubuto yana cewa: "Malam, kakata a cikin birni takan ce ko keso aka ba ta ba za ta sayar da gonarta ba. Nawa ne keso, kuma me ya sa aka tsaya a kan wannan adadi?"

Malam, Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya, domin ta riƙe mana kalmar da ke neman ɓacewa. Asalin keso buhu ne na saƙa da ake ɗura wuri, wato kuɗin da ake ciniki da su a zamanin da, a ciki, har sunan buhun ya koma sunan abin da yake ɗauka, wato wuri 20,000. Haka ƙamusun Bargery na 1934 ya kawo shi. Ita kanta kalmar "kuɗi" ai jam'in "wuri" ce tun asali.

Mai ƙirga wuri yakan zube shi a tabarma, yana jan biyar-biyar da yatsu. Ja huɗu ya ba shi hauya, wato 20. Hauya biyar ta zama zangu, 100. To ka ga keso hauya dubu ce cif, ko zangu 200.

Tunda kai ma'abocin lissafi ne, bari mu warware shi. 20,000 cika ce, ba mara ba. In ka yi ta raba ta biyu, sau biyar za ka yi kafin ka tsaya a 625, ita kuma 625 biyar ce aka ninka sau huɗu: 5 × 5 × 5 × 5. Biyu da biyar kaɗai suka gina ta, shi ya sa lambobi 30 ke raba ta ba saura, daga 1 har ita kanta. In ka tara 29 ɗin da ke ƙasa da ita za ka sami 29,203, wanda ya zarce ta. Irin wannan ce masu lissafi ke sa wa a rukunin lambobi masu yalwa.

Amfanin wannan a kasuwa yake. Fatake huɗu, ko biyar, ko takwas, ko goma sha shida za su raba keso ba wanda ya ɗaga murya. Amma uku ba sa iyawa: kowa 6,666, wuri biyu su yi saura a tabarma. Malaman zaure masu rabon gado sun san wannan sarai. Tumunin keso 2,500 ne daidai, rubu'insa 5,000, amma sulusi da sudusi ba sa fita sai da gutsure. Heinrich Barth, wani Bature matafiyi ɗan Jamus da ya iso Kano a 1851, ya tarar ana canjin dalar azurfa ɗaya a kan wuri kusan 2,500, ka ga keso ya kama dala takwas ke nan.

Ina roƙonka ka shiga aji da wannan. Yana damuna in ji yaro a Samaru ba ya iya faɗin 20,000 sai da Turanci, alhali kakarsa na da kalma guda da ta ɗauke ta.

Wata baiwar Allah daga Sabon Gari kuma ta tambayi ma'anar "dubunsa ta cika". Malama, daga karin maganar nan ta fito: "Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya." Dubun nan ba ƙidaya ba ce, tsawon lokacin da ɓarawo ya yi yana tsira ake nufi. Ranar da aka kama shi, kwanakin da aka ɗiba masa sun ƙare, sai a ce dubunsa ta cika.