Tambayi Anti: Hajiya za ta kai ƙanwata aikatau Saudiyya

Salam Anti, dan Allah ki taimaka min da shawara. Wata Hajiya ce a unguwarmu take kai 'yan mata aikatau Saudiyya da Oman, yanzu ta zo wa Mamanmu da maganar ƙanwata mai shekara 19, wai ita za ta yi mata fasfo da biza da kuɗin jirgi ba ko sisinmu, in ta fara aiki a riƙa cirewa a albashi. Mama har ta amince saboda halin da muke ciki tun rasuwar Babanmu, ni kuma wallahi hankalina ya ƙi kwanciya, da na tambayi takardar aikin sai Hajiyar ta ce ai harkar amana ce. Wai wannan ma safarar mutane ne?
Maman Ilham, Anguwar Rogo, Jos

Wa alaikumus salam Maman Ilham, Allah ya jiƙan Baba. Gaskiya kin yi tunani da kika tsaya tambaya. Ba zan yanke wa Hajiya hukunci daga nan ba, akwai masu zuwa aikatau ta hanyar da ta dace su dawo lafiya, amma abin da kika lissafa kaf ɗinsa alamun hatsari ne: bashin da ba a faɗi adadinsa ba, babu takarda, kuma an zo wa gidan marayu a lokacin da suke cikin matsi.

Bashin nan shi ne igiyar. Yarinya za ta sauka, a filin jirgi ko a ofishin ejan a karɓe fasfonta wai ajiya, a miƙa ta gidan da ba ta san kowa ba, a ƙasashen nan kuma akwai tsarin kafala wanda ya ɗaure zaman 'yar aiki da sunan kafilinta, in wahala ta ishe ta ta fita, ya kai rahoto ta gudu, shi ke nan ta zama mai laifi tana ɓuya. Ta tashi tun asuba ta kwanta bayan kowa, wani gidan har waya sai an ga dama, wata shida wata takwas albashi na tafiya wajen ejan, duk ta tambaya a ce saura. Mutumin da ba shi da ikon cewa na bar aikin, ba ya riƙe da kuɗinsa ba ya riƙe da fasfonsa, me ya rage tsakaninsa da bawa?

Wasu ma ba sa ganin ƙasar da aka ambata musu. A 2019 hukumar yaƙi da safarar mutane ta ƙasa, wato NAPTIP, ta ce akwai 'yan matan Najeriya kusan 20,000 a Mali, da yawa an ce musu Malesiya za su, suka ƙare a garuruwan haƙar zinare ana tilasta musu karuwanci. Kin kuma tuna bidiyon da CNN ta fitar a 2017 ana gwanjon mutane a Libiya. Kuma yawanci ba baƙo ne ke ɗaukar yaran ba, maƙwabciya ce ko dangi, wadda ake jin nauyin yi wa tambaya.

To ga abin yi. Ki zauna da Mama cikin ladabi, kar ki nuna mata ta yi kuskure, talauci ne ya sa, ki samu kawunku ko wani babba da take jin maganarsa. Ku ce wa Hajiya kuna son sunan kamfanin da lasisinsa na Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, da kwantiragi a rubuce mai albashi da adadin bashin, da bizar aiki, don in ta Umara ce ko ta ziyara to takari za a mai da ita. Ku nemi lambar 'yan matan da ta kai a baya ku yi magana da su ba a gabanta ba. In ta fara fushi ko ta ce a yi sauri kujera za ta wuce, ku janye. NAPTIP tun 2003 aka kafa ta saboda wannan, hedikwatarta na Abuja, ki kira 627 ki ba su bayani, ba sai abu ya lalace ba.

Anti barka da aiki. Matata ta karɓo yarinya 'yar shekara 10 daga ƙauye tana taya ta aiki, wata dillaliya ce ke zuwa karɓar kuɗin duk wata. Muna ba ta ci da sutura, akwai laifi?
Baban Khalifa, Kubwa, Abuja

Akwai laifi Malam, babba ma. Dokar hana safarar mutane ta 2015 ta haramta ɗaukar yaron da bai kai shekara 12 ba aikin gida, hukuncin har da ɗauri. Ka duba fa, yarinyar ke wanke-wanke da goyo, dillaliya ke cin guminta, ƙila iyayen ko rabi ba sa gani, naku yaran na tafiya makaranta ita tana riƙe musu jaka. Ka nemi iyayenta kai tsaye ka mayar musu da 'yarsu, in kuna da hali ku ɗauki nauyin karatunta a can, uwargida kuma ta nemi babbar mace a yi ciniki da ita, a biya ta a hannunta.