Tambaya da Amsa: Finafinan ban tsoro biyu na Italiya a rabin kuɗi, in saya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Wani mai shago a Sabon Gari ya nuna mini finafinan ban tsoro na Italiya guda biyu a kwali ɗaya, Demons da Demons 2, ya ce zai bar mini a rabin kuɗi domin sun daɗe a shago ba su shiga ba. Ina son finafinan ban tsoro, amma ban taɓa kallon na Italiya ba. Shin sun isa a kashe musu kuɗi? Mai karatu daga Fagge.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Sun isa, amma sai faifan ya ci jarrabawa a gabanka kafin ka miƙa kuɗi, don rangwame ba ya gyara mataccen faifai.

Lamberto Bava ne ya ba da umarnin duka biyun, Dario Argento ya shirya su. Na farkon ya fito a 1985: an raba wa mutane tikiti kyauta zuwa wata silima a birnin Balin na Jamus, wata mata ta gwada wani abin rufe fuska ya yanke ta a kumatu, ta rikiɗe ta zama dodo, duk wanda ta yakusa shi ma ya rikiɗe, ga ƙofofi an toshe. Na biyun, na 1986, ya maimaita dabarar a wani dogon bene, inda masifar ta fito daga cikin talabijin. A ganinmu na farkon ne ya ɗauki nauyin kuɗin, na biyun gyara ne aka ɗora maka. Labarin ba shi da zurfi, kuma ba tsoron da ke shiga zuciya a hankali ba ne. Ƙarfinsu yana wajen kwalliyar rikiɗa da Sergio Stivaletti ya haɗa da hannu, da roba da jinin ƙarya, tun ba a fara dogaro da kwamfuta ba.

Yanzu ga faifan. Fara da juya shi. Na asali da aka buga a masana'anta cikinsa fari ne kamar azurfa, kuma a zoben tsakiya akwai ƙananan haruffa da lambobi, galibi har da IFPI. In ka ga cikinsa shunayya, a kwamfuta aka kwafe shi, kuma irinsa ne ya fi saurin mutuwa a zafin Kano. Sannan ƙirga faifan da ke cikin kwalin. Faifan DVD mai hawa ɗaya (mai shimfiɗa ɗaya ta naɗar bayanai) gigabait 4.7 yake ɗauka, wato kimanin awa biyu na hoto mai kyau, mai hawa biyu kuma 8.5. Finafinan nan biyu sun kusa awa uku. In an cusa su a faifai ɗaya mai hawa ɗaya, an matse hoton ke nan, kuma wurin duhu ne yake fara lalacewa, ya farfashe ya zama ƙananan akwatuna. Finafinan kuwa rabinsu a duhu aka ɗauke su. Faifai biyu a kwali shi ne daidai.

Duba bayan kwalin, akwai ɗan hoton duniya da lamba a ciki, ita ce lambar yankin da aka yi faifan domin na'urorinsa. A tsarin DVD Amurka yanki na 1 ce, Turai na 2, Nijeriya na 5. Yawancin ƙananan na'urorin China da ke kasuwanninmu suna buɗe kowane yanki, amma PlayStation da na'urorin manyan kamfanoni sukan ƙi faifan da ba na yankinsu ba. Kwamfuta kuma sau biyar kawai take yarda a canza mata yanki, daga nan ta tsaya a kan na ƙarshe. In Blu-ray ne, wato faifan da ya fi DVD ingancin hoto, haruffa ake bi: Turai da Afirka duk B ne, saboda haka bugun Ingila ko Italiya zai yi maka, bugun Amurka mai A kan iya ƙi. Na'urar DVD kuwa ba ta karanta Blu-ray ko kaɗan.

Sai tsawon fim. Na farkon kimanin minti 88 ne. A DVD na tsarin PAL, wanda Turai da Nijeriya suke bi, zai nuna wajen 84 ko 85, domin tsarin yana gudu da hoto 25 a daƙiƙa maimakon 24 na silima, wannan ba yanka ba ne. In ya gaza haka sosai, an datse shi. Ka tabbatar kuma akwai muryar Turanci ko rubutun fassara a ƙasan allo, don wasu bugun Italiya da Italiyanci kaɗai suke zuwa.

Tunda kayan sun daɗe a shago, sa mai shagon ya kunna maka kowane faifai: farko, tsakiya, da minti goma na ƙarshe. DVD daga ciki yake karantawa zuwa baki, saboda haka ƙwarzanen da ke bakin faifai ba ya bayyana sai fim ya yi nisa. Ƙwarzanen da ya bi zagayen faifan ya fi wanda ya ratsa shi illa. In ƙura ce kawai, goge da tsumma mai laushi daga tsakiya zuwa baki. In faifan ya lanƙwashe saboda rana, bar masa abinsa.

Magana ta ƙarshe a kan wannan, kuma ita ta fi muhimmanci: finafinan manya ne, akwai jini mai yawa, da shaye-shaye, da shigar da ba ta dace da tarbiyyarmu ba. Kada ka ajiye su inda hannun yara zai kai. Sayen kallo a ɗakinka daban, nuna wa jama'a a gidan kallo daban, wannan yana ƙarƙashin dokokin Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano.

Tambaya: Na sayi wani tsohon fim ɗin Italiya, amma motsin bakin 'yan wasa ba ya tafiya daidai da magana. Jabu aka sayar mini? Mai karatu daga Gwale.

Amsa: Ba lallai ba ne, 'yar'uwa. A wancan zamani masu fim a Italiya sukan ɗauki hoto ba tare da naɗar murya a wurin ba, 'yan wasa daga ƙasashe daban-daban, wani lokaci kowa da harshensa, sai daga baya a ɗora murya a situdiyo, kamar yadda ake ɗora Hausa a kan finafinan Indiya. Saboda haka Turancin da Italiyancin duk ɗorawa ne. Ki saurari ƙarar rufe ƙofa ko fashewar gilashi. In ta zo daidai da hoton, faifan lafiyarsa ƙalau. In ita ma ta makara, kuma tazarar tana ƙaruwa yayin da fim yake tafiya, wajen kwafi aka ɓata shi, ki mayar a canza miki.