Amsa ga mai Bandit ɗin da kulocinsa ya yi laushi

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Tun daren jiya na ga tambayarka, na bari sai na samu natsuwa in ba ka amsa a tsanake. Ka ce ka sayi Suzuki Bandit 1200 ɗan Kwatano, hannun kuloci ya yi laushi, in ka sa giya ta ɗaya sai ka ji ƙara, mashin ya riƙa jan jiki alhali kana riƙe da kuloci, firi kuma ba ya samuwa sai ka kashe inji. Birkin gaba ma sai ka matsa sau biyu yake kamawa. Makaniken unguwarku ya ƙara maka man birki, babu abin da ya canza, yanzu yana cewa a buɗe inji a sauya faya-fayan kuloci.

Don Allah kada ka bari a buɗe injin nan tukuna. Faya-fayan kuloci idan sun cinye, zamewa suke yi: ka murɗa wuta inji ya yi ta kuka, mashin bai ƙara gudu ba. Naka akasin haka yake yi, ƙin saki yake. Wannan alama ce ta iska a cikin tiyo ko kuma mai da ya tsufa, tunda kulocin Bandit da man birki yake aiki, ba da waya ba. Makaniken kuma ban ga laifinsa ba. Hannunsa ya saba da Boxer da Jincheng, waɗanda kulocinsu waya ce, a ɗaure noti a sassauta noti, shi ke nan.

Ka fara da duba murfin ɗan tankin man da ke kan hannu. Masu ƙera babur suna rubuta irin man da za a zuba a jikinsa, naka za ka ga DOT 4, birki da kuloci duka. DOT 3 da DOT 4 da DOT 5.1 dangi ɗaya ne, suna gauraya da juna. DOT 5 kuwa, duk da kamar da sunansu ya yi, na silikon ne, ba ya haɗuwa da su, kada wani mai shago ya ce maka tunda lambarsa ta fi girma ya fi kyau. Ga 'yan'uwa masu wasu baburan Turai kuma, akwai samfuran KTM da BMW da kulocinsu ke amfani da wani mai na daban da ba man birki ba. In ka zuba musu DOT robobin ciki su lalace, in ka zuba nasu ko baƙin mai a inda ake son DOT, nan ma robobi su kumbura. Murfi dai shi ne alƙali.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba, man birki yana tsotsar ruwa daga iska, ko da ba ka taɓa buɗe murfin ba. Sabon DOT 4 ba ya tafasa sai zafi ya kai akalla digiri 230, amma wanda ya sha ruwa ƙa'idarsa tana saukowa zuwa 155. Ranar da ya tafasa a cikin kalifa, wato ƙarfen da ke matse takalmin birki a jikin faifai, tururi yake zama, tururi kuwa matsuwa yake yi, sai ka ja hannu har ya taɓa mariƙi babu abin da ya kama. Wannan ba labari aka ba ni ba. Wata damina ina saukowa Hawan Kibo daga Jos, da ƙanina a baya da jaka, ina ta taka birkin baya saboda wata tirela da ke gabanmu tana rarrafe. Ban ankara ba na taka na ji ƙafata ta tafi ƙasa salin-alin. Allah ya sa na gaba yana kamawa, na rage giya, na gangara gefe jikina yana rawa. Da muka zauna kamar minti ashirin birkin ya dawo kamar ba shi ba, abin da ke yaudarar mutane ke nan su ce ai ya gyaru. Da na isa gida na zuƙo man, launinsa kamar shayin da aka manta a kan wuta. Tun daga ranar duk shekara biyu nake juye shi gaba ɗaya, kamar yadda yawancin littattafan babura suka ce. Babur ɗan Kwatano kuwa, wanda ba ka san yaushe rabon da a taɓa shi ba, ranar da ya shigo hannunka ya kamata a juye.

Aikin ba wuya, haƙuri yake so. Ka sayi sabuwar kwalba wadda hatiminta bai ɓalle ba, rabin lita ta ishe ka kuloci da birkin gaba da na baya. Wanda ake tsiyayo maka daga buɗaɗɗiyar kwalba a bakin titi ya riga ya sha ruwa. Ka nemi sifana mai zobe lamba 8, da siririn tiyo mai haske da ake ganin abin da ke wucewa a ciki, da gorar ruwa wadda babu komai, da babban sirinji daga kemis, da tsumma. Ka kafa mashin a kan ƙafarsa ta tsakiya, ka juya kansa har ɗan tankin ya daidaita. Rufe tankin fetur da jiƙaƙƙen tsumma, domin man birki yana cin fenti, in ya ɗiga ka wanke da ruwa nan take. Kusoshin murfin nan guda biyu ka bi su a hankali, ka danna sukundireba da ƙarfi kafin ka murɗa, kansu yana saurin cinyewa.

Zuƙe tsohon man da sirinji, amma ka bar ɗan kaɗan ya rufe ramukan da ke ƙasa. In akwai baƙin laka a gindin ka goge da tsumma mai tsabta, sannan ka cika da sabo. Sai ka sauka wajen mastan ƙasa na kuloci, wato inda mai ke tura fistan ya saki kuloci, yana gefen hagu a jikin murfin ƙaramin sifuroket. Za ka ga ɗan noti mai rami da hular roba. Sa sifana tukuna, sannan ka cusa tiyo a kansa, ɗaya bakin a cikin gora. Matsa hannun kuloci sau uku ko huɗu a hankali, ka riƙe. Sassauta notin kamar rubu'in juyi, mai zai fito da kumfa. Ɗaure notin kafin ka saki hannu. Nan ne kowa yake kuskure: in ka saki hannu noti yana buɗe, iskar da ka fitar ka sake zuƙo ta. Riƙe, buɗe, rufe, saki. In ka sami yaro ya riƙa matsa maka kana ba shi umarni, ya fi sauƙi. Bayan kowane zagaye uku ko huɗu ka leƙa tankin sama ka ƙara, in ya ƙafe aiki ya koma farko. Ka ci gaba har ka ga man da ke bin tiyo ya yi garau kamar na cikin kwalba, babu ko ƙwayar kumfa.

Birki ma haka, sai dai gaban Bandit kalifa biyu ne, ka yi wa kowanne, ka fara da wanda ya fi nisa da masta, wato famfon da ke jikin hannu ƙarƙashin ɗan tankin.

Wani lokaci ka yi duk wannan hannu ya ƙi tauri. Iskar ta maƙale ne a sama, a bakin notin da ya haɗa tiyo da masta, tunda ita iska sama take nema kai kuma kana ta tura ta ƙasa. Dabarar da ta fi yi mini aiki ita ce in biyo ta daga ƙasa: in cika sirinji da sabon mai, in haɗa shi da tiyo a bakin notin ƙasa, in buɗe, in riƙa turawa sannu sannu. Sai ka ga kumfa tana ɓulɓulowa a tankin sama ɗaya bayan ɗaya, ka dai riƙa rage man kada ya malale. A kuloci musamman wannan hanya minti biyar ta gama abin da matsa hannu ya kasa a awa guda. Birkin gaba kuma, in ya rage ɗan laushi, ka ja hannun ka ɗaure shi da roba ya kwana, da safe ka ɗan bubbuga tiyon da gindin sukundireba, ka saki a hankali.

Kada ka cika tanki har baki. Akwai wani rami kamar na allura a gindinsa da mai ke komawa idan ya yi zafi. In an cika maƙil ko datti ya toshe ramin, birki ya riƙa kama kansa, faifai ya yi zafi, kuloci kuma ya fara zamewa. Ka kuma sani man birki yana sauka da kansa yayin da takalmin birki ke cinyewa, don haka in ka ga ya yi ƙasa, takalmin za ka fara dubawa kafin ka ɗauko kwalba. Masu babur mai ABS kuwa, wato na'urar da ke hana taya maƙalewa in an taka birki, juye mai ba matsala, amma in iska ta shiga famfonsa sau da yawa sai an kai wa mai na'urar da ke tayar da shi.

Da ka gama ka wanke wurin da ruwa, ka tabbata mai bai taɓa faifai ko takalmi ba, ka tura mashin da ƙafa ka gwada birki, sannan ka zaga unguwa a hankali kafin ka hau babban titi.

Abu ɗaya nake so ka duba mini tun kafin ka fara. Kwance mastan ƙasa daga jikin murfin, kada ka matsa hannu yana a kwance, ka leƙa bayansa. Wurin yana kusa da sarƙa, maiƙo da ƙura suna taruwa su ci robar fistan. In ka same shi a bushe, fitar da iska kaɗai zai raba ka da matsalar insha Allahu. In ka ga danshi ko fentin wurin ya tashi, yoyo yake, sai an sauya robar, in ba haka ba bayan sati biyu laushin zai dawo. Ka ɗauko hotonsa da na tsohon man a cikin gora ka sa mana a nan, in gani kafin ka sayi komai.