Karatun zanen girafik a jami'a, da ajin da ake zana jikin mutum

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ni ɗalibi ne ɗan aji biyu a wata jami'a, ina karanta zanen girafik da tsara hotuna da bidiyo a kwamfuta. Mahaifinmu ya rasu, yayana ne ke biya mini kuɗin makaranta. Kwanan baya ya saurari wani wa'azi, aka ce masu yin hoto su ne mafi tsananin azaba ranar ƙiyama, sai ya ce ba zai ƙara sa ko sisinsa a karatun ba, in canja fanni ko in dawo kasuwa mu zauna tare. Ni kuwa Malam yawancin abin da muke yi tambarin kamfani ne da fasta da tsara shafukan littafi da haɗa bidiyo. Sai dai a zangon nan akwai kwas biyu na dole. A ɗaya ana kawo mutum ya zauna a gabanmu muna zana jikinsa, wani lokaci namiji da gajeren wando, wani lokaci mace. A ɗayan ana gina siffa da yumɓu. Ina kuma ɗan yin aikin fasta da katin biki, ina samun na abinci. Shin karatun nan halas ne? Kuɗin da nake samu fa?

Amsa:

Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Allah ya jiƙan mahaifinku, ya saka wa yayanka da alheri. Ɗana, kafin komai ka gyara zuciyarka game da shi. Mutumin da ya ɗauki nauyinka shekara biyu, sannan ya ji hadisi ya razana har ya gwammace ka yi fushi da shi da ka shiga wuta, wannan ba maƙiyinka ba ne. Hadisin da ya ji ingantacce ne, yana cikin Bukhari da Muslim. Inda ya ɗora shi ne za mu duba.

Karatunka halas ne a asalinsa. Tambari, tsara rubutu, zaɓen launi, shafin littafi, kwalin kaya, zanen gini da itace da duk abin da ba shi da rai, jumhurun malamai sun halatta. Kuɗin da ka samu a kansu halas ne, ka ci ka ciyar.

Abin da ya tsayar da ni a wasiƙarka ba shi ne ya tsayar da yayanka ba. Shi kalmar hoto ce ta dame shi, ni kuwa "gajeren wando" da "wani lokaci mace". A nan hukunci yake canjawa, kuma ba don zane ba, don kallo. Al'aurar namiji daga cibiya ce zuwa gwiwa. In wandon ya rufe wannan, zauna ka yi aikinka. In cinya a waje take, ka zana kafaɗa da hannu da baya da ƙafa, ka kau da ido daga sauran. Mace kuwa, in jikinta a buɗe yake, ba ya halatta ka zauna. Ko a rufe take, mai zane ba kallon wucewa yake yi ba. Awa biyu ko uku yake yi yana auna kafaɗa da ƙugu da ido yana mayarwa a takarda, kuma kai saurayi ne. Kada wani ya kawo maka misalin ɗalibin likita. Likita rai ne a hannunsa, in bai san jiki ba mutum zai mutu. Mai tsara tambari ba ya cikin wannan larurar.

Don haka ka je wajen malamin kwas ɗin tun a farkon zango, a ofishinsa, ba a tsakiyar aji ba, ka faɗa masa uzurinka cikin ladabi, ka nemi a ranakun da aka kawo mace a ba ka wani aikin madadinsa, ko namiji mai sutura, ko ƙwarangwal ɗin da ake koyon gaɓoɓi da shi. In akwai wasu ɗalibai Musulmi masu irin damuwarka, ku tafi tare, don murya biyar ta fi ɗaya nauyi. In aka ƙi, ka halarci ranakun da suka halatta, ka haƙura da makin sauran. Gara ka fita da maki kaɗan a kwas ɗaya da ka saba wa idonka abin da zai bi ka har cikin salla.

Yumɓu kuma, gina cikakken mutum ko dabba mai jiki, wannan malamai sun haɗu a kan haramcinsa, in ban da 'yar tsanar yara. Ka gina tulu, kalangu, takalmi, tafin hannu, ƙafa. Abin da ake so ka koya a kwas ɗin shi ne yadda abu yake da tudu da kwari da nauyi, kuma duk za ka same shi a waɗannan. Kai da fuska ka nisance su, domin a hadisin da Jibrilu ya ƙi shiga ɗakin Annabi (SAW) saboda mutum-mutumin da ke ƙofa, abin da ya yi umarni da shi shi ne a cire kan, ya koma kamar itace. Ka riƙe wannan don gaba: siffar da kuke juyawa a allon kwamfuta ta kowace fuska, ran da aka sa na'ura ta fitar da ita da jikinta har aka ɗauke ta a hannu, ta koma hukuncin yumɓu.

Yanzu maganar da ta raba ka da yayanka, cewa duk wani hoto haramun ne, saboda haka fannin gaba ɗaya haramun ne. Wannan magana ban yarda da ita ba, kuma zan tsaya a kanta, domin ta mayar da yara da yawa gida.

Ko da mun sallama cewa zanen duk mai rai haramun ne, ba a haramta sana'a don wani yanki nata. Wani mutum ya zo wajen Abdullahi ɗan Abbas ya ce abincinsa daga aikin hannunsa yake, kuma siffofin nan yake yi. Ibn Abbas ya karanta masa hadisin azaba, mutumin ya ja numfashi mai tsanani, fuskarsa ta canja launi. Me ya ce masa? Bai ce ya bar sana'ar ya koma kasuwa ba. Cewa ya yi in dai sai ya yi, to ga itatuwa nan da duk abin da ba shi da rai. Wannan yana cikin Bukhari, kuma masu tsanantawa da shi suke kafa hujja. To su karanta shi har ƙarshe. Sahabin da ya ruwaito gargaɗin shi ne ya bar mutumin a kan sana'arsa, ya gyara masa alƙibla kawai.

Sannan zanen mai rai a shimfiɗe, wanda ba shi da inuwa, ba a yi ijma'i a kansa ba. Gaskiya ne Imam Nawawi ya tsananta, ya ce babu bambanci tsakanin mai inuwa da marar inuwa, kuma a kan haka akasarin Hanafiyya da Shafi'iyya da Hanbaliyya suke. Ba zan ɓoye maka wannan ba. Amma mazhabar Malik da muka tashi a cikinta ta bambance. Duk wanda ya zauna a zaure ya karanta Risala ya wuce ta inda Ibn Abi Zaid ya ce an karhanta siffofi a jikin gadaje da bangaye da zobe, kuma zanen da ke jikin tufa ba ya cikin wannan, amma barinsa ya fi. Shehu Dardir, a babin walima na sharhinsa ga Mukhtasar, littafin fiƙihu na Shehu Halil, ya fayyace cewa haramcin yana kan siffar mai rai ce, mai inuwa, mai cikakkun gaɓoɓi. Wadda ba ta da inuwa makaruhi ce, in kuma a wulaƙance take kamar a shimfiɗa, barinta ne kawai ya fi. Ba da ka suka faɗa ba. Busru ɗan Sa'id ya je duba sahabi Zaidu ɗan Khalid yana rashin lafiya, ya ga labule mai hotuna a ƙofarsa, alhali daga bakin Zaidu ya ji hadisin cewa mala'iku ba sa shiga ɗakin da ke da hoto. Da ya yi mamaki, sai abokin tafiyarsa ya ce masa: ba ka ji lokacin da ya ce "sai dai zane a jikin tufa" ba? Bukhari da Muslim duka sun kawo. Hafiz Ibn Hajar ma bai yarda da Nawawi ba inda ya kira wannan ra'ayi ɓatacce, ya nuna an ruwaito shi da isnadi ingantacce daga Ƙasim ɗan Muhammad, jikan Abubakar Siddiƙ, ɗaya daga malaman fiƙihu bakwai na Madina, wanda ya tashi a hannun gwaggonsa Nana A'isha. Mas'alar da irin waɗannan suka saɓa a kanta, ba a hana maraya karatu saboda ita.

Hoton kyamara kuma, wanda shi ne rabin aikinka, ya fi sauƙi. Shehu Bakhit al-Muti'i, Muftin Masar da ya rasu a 1935, ya yi bayanin cewa wannan tsare inuwa ne, kamar abin da kake gani a madubi, ba ƙaga halitta ba. Mai kyamara bai tsara ido da hanci ba, halittar Allah ce ya kama yadda take, alhali hadisin a kan masu kwaikwayon halittar Allah yake magana. Shehu Ibn Usaimin ya karkata ga haka. Shehu Ibn Baz ya hana sai da larura irin ta fasfo, kuma wanda ya bi shi don tsantseni ba a zarginsa. Amma tsantseni mutum kansa yake ɗora wa, ba ƙaninsa ba.

Abin da nake ba ka fatawa da shi: zanen mai rai a takarda ko a kwamfuta don koyo, ko don littafin yara da wayar da kai kan lafiya da makamantansu, ka yi, ba ka da zunubi in sha Allahu. Amma kada ka ce tunda a allo ne ba zane ba ne. Alƙalamin kwamfuta alƙalami ne, hannunka ne ke tsara fuskar. Kada ka mayar da zanen fuskokin mutane don ratayawa a bango ya zama sana'arka, musamman na malamai da shugabanni, don ta ƙofar girmama hotunan salihai shirka ta shiga wa mutanen Annabi Nuhu.

Ba ka tambaye ni wannan ba, amma shi na fi ji maka tsoro fiye da ajin zane. Ran da ka ƙware, masu kuɗin da za su fara nemanka su ne kamfanonin caca ta waya da masu bashin ruwa da masu tallan da ba ya sayuwa sai da jikin mace. Bayansu sai aboki ya zo da murmushi ya ce ɗan gyara masa maki a takardar sakamako, ko ka haɗa masa rasit, ko hoton shaidar tura kuɗi na bogi. Minti biyar ne a wajenka, kuma shaidar zur ce. Haka ɗora kan wani a jikin wani, ko sa wa malami maganar da bai faɗa ba da ƙirƙirarriyar basira. Fastar ɗan siyasa babu laifi in babu ƙarya da ƙazafi a ciki. Hotunan amare da ake turo maka don katin biki amana ne, kana gama aiki ka goge, kada abokin ɗakinka ma ya gani.

Ka yi hattara da ayoyi. Na taɓa sayen tsire da daddare, da na isa gida na buɗe sai na ga takardar da aka naɗe shi da ita sanarwar walimar saukar Alƙur'ani ce, mai ya jiƙa bisimilla da ayar da ke ƙarƙashinta. Wanda ya tsara takardar da kyakkyawar niyya ya yi, amma bai yi tunanin inda za ta ƙare ba. Duk abin da za a raba a titi ko a manna a bangon da ke kan kwata, ka shawarci mai shi a bar aya da sunan Allah. Manhajojin da aka fasa makullinsu kuma, Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta zartar a zamanta na Kuwait a 1988 cewa haƙƙin ƙirƙira dukiya ce da shari'a ke karewa. In ba ka da kuɗin Photoshop ko CorelDRAW, ga Inkscape da GIMP da Krita da Blender nan kyauta. Kuma ka riƙa yin tsada kafin ka fara aiki, har da sau nawa za a dawo gyara, don yawancin rigimar masu wannan sana'a daga nan take tashi.

Yayanka kuwa, kada ka tura masa wannan amsa a waya kamar ka ci shi da yaƙi. Ka je har gida da kwamfutarka, ka zauna ƙasa, ka nuna masa ayyukanka ɗaya bayan ɗaya. Ka tuna masa cewa zayyanar allon sauka, da aska takwas a gaban babbar riga, da zanen da magina ke yi a fuskar gidajen Zariya da Kano, duk aikin masu zane ne, kuma iyayenmu malamai sun sa rigunan, sun shiga gidajen. Ka nuna masa yadda littattafanmu na addini da yawa ke fitowa da rubutu a cunkushe, da yadda ɓ da ɗ da ƙ ke ɓacewa a allunan talla saboda yawancin samfuran haruffa ba a yi su da Bahaushe a rai ba. Ka yi masa alƙawarin sharuɗɗan da na faɗa maka, ka ce ya sa maka ido a kansu. In zuciyarsa ba ta natsu ba, ku tafi tare wajen malamin da shi ya yarda da shi, ka karanta tambayarka a gabansa yadda ka rubuto mini ita, ba ragi ba ƙari.

Wallahu a'alam.