Amsa ga mai tambaya kan yoyon da ya ƙi jin gyara

Wa'alaikumus salam Malam, sannu, Allah ya kawo sauƙi. Ka ce kusurwar falonka ke ɗiga duk damina, an canja kwanon da ke saitin wurin, an shafa kwalta, amma da an yi ruwa mai iska sai yoyon ya dawo. Wallahi ina karantawa raina na ɓaci, don wannan wahalar na san ta ciki da bai.

Don Allah ka daina zuba kuɗi a saitin inda ruwan ke ɗiga. Da wuya ka ga nan ne mashigarsa. Ruwa yakan shigo ta can wani wuri, ya bi jikin katako yana gangarowa, sai ya ci karo da kusa ko mahaɗa sannan ya sauko kan silin. Kafintan da bai leƙa cikin silin ba ya ce maka ya gano matsala, ka sallame shi.

Irinsa ne ya cuce ni a gidanmu na Ɗorayi. Ya hau sama da rana tsaka, yana taka kwano duk inda ƙafarsa ta faɗa, ya sauko ya ce duk ya mutu, sai an sayo sabo. Na je Ƙofar Ruwa na ɗauko bandir, na biya shi kuɗin aiki cas, har tsohon kwanon ya kwashe ya tafi da shi. Cikin watan Agusta, wani dare aka kwana ana ruwa, wajen asuba na ji ƙara daga ɗakin Hajiya. Silin ne ya jiƙe ya rufto. Na tarar da ita zaune a bakin gado, ruwan ƙasa baƙi ƙirin ya wanke mata katifa da sallaya, tana ta salati, jikinta na rawa. Da a ce kanta yana wancan gefen, da yanzu wani zancen ake. Tsohuwa mai ciwon ƙafa, haka na ɗauke ta cak zuwa ɗakina. Na kira mutumin nan ya ƙi ɗaga waya. Da muka haɗu a masallaci, ko kunya babu, wai ruwan bana ne ya yi yawa. Har yau in na tuna fuskarsa sai na ji zuciyata na tafasa. Na bar shi da Allah.

Wani dattijon birkila a layinmu ne ya gano abin, bai karɓi ko sisi ba. Gidan irin ginin nan ne da ake ɗaga katanga ta ɓoye rufi. Inda kwano ya shiga jikin katangar ta gabas, siminti ya tsage, tsagar da ƙyar farce ke shiga. Ka san hadarinmu daga gabas yake tasowa, iska ta maka ruwa a bangon, ya bi tsagar ya shige. Shi ya sa yayyafi ba ya komai, sai mai iska. Da ka ambaci iska a tambayarka, nan hankalina ya tafi. Kan katangar ma ba a yi masa filasta ba, bulo na ta shan ruwa. Ga gotar kankare cike da ƙurar hunturu, leda da ganyen darbejiya, indararo ya toshe, ruwa ya taru ya koma baya ta ƙarƙashin kwano.

Ka sa yaro mara nauyi ya shiga silin da rana da tocila, ya taka katako kawai. Ya duba inda haske ke shigowa, ya bi baƙin tabon da ruwa ya bari a katako har zuwa mafarinsa. Amma a kashe wutar gidan tukuna, waya da ruwa ba abin wasa ba ne, kuma in ruwan na kusa da fanka kada a kunna ta. In ba a gani ba, a sa tiyo, mutum ɗaya a sama ɗaya a ciki, a fara jiƙawa daga ƙasan rufin ana hawa sannu a hankali. In aka fara daga tsororuwa ko'ina zai jiƙe, ba za ka gane komai ba.

Kusoshi ma a duba. A kan tudun kwano ake buga kusa, ba cikin kwarin da ruwa ke bi ba, kuma zafin Maris da Afrilu yana busar da robar da ke jikin wasu kusoshin ta farfashe. Kwalta kuwa, in aka shafa ta kan ƙura ko danshi, ɓarewa take yi.

Kuma don girman Allah kada ka biya kuɗin aiki duka sai an yi ruwa babba ka gani da idonka. In silin ya fara kumbura, ka janye gado da yara daga ƙarƙashinsa yau ɗin nan, ka huda shi ruwan ya zube a bokiti.

Kusurwar taka ta wane ɓangare take, kuma akwai katanga a samanta? Ka ɗauko mana hoton wurin daga sama mu gani.