Amsa: Wace manhaja zan fara haɗa kiɗa da ita a ɗaki?

Ɗan'uwa, ka ce kana da laftof mai RAM 8 kuma kuɗin hannunka kaɗan ne, kana tambayar inda za ka soma. Laftof ɗin ya isa.

Ni dai FL Studio zan ce ka kama, don tana hannun masu kiɗa da yawa, in ka maƙale akwai wanda za ka tambaya. Sai dai ta gwaji tana da tarko: za ta bari ka adana aiki, amma ba za ka sake buɗe shi ba sai ka saya. In ka saya kuwa, sabuntawa kyauta ce har abada. Idan ɗaukar murya ce damuwarka, Reaper ta fi sauƙin nauyi, gwajinta kwana 60, lasisinta dala 60. Manhajojin sata da ake fasawa a zuba maka a shago, ka guje su, cutar kwamfuta (virus) suke shigo da ita.

Kuɗinka ka zuba a na'urar sauti ta USB, wadda ke haɗa makirufo da laftof, irin Scarlett Solo. Makirufo na kondensa, irin na sutudiyo, ba ya motsi sai ka danna maɓallin 48V da ke jikin na'urar, wanda ke ba shi wuta. In kana jin muryarka na zuwa a makare, sa direban ASIO (ƙaramar manhajar da ke rage jinkirin sauti), ka rage bafa (yawan sautin da kwamfuta ke tarawa kafin ta fitar) zuwa 128, lokacin haɗa murya da kiɗa ka mayar 512 ko sama.

Ɗakin kuma shi ne babban aiki. Kashe fanka, jingina katifa a bango bayanka, rataya bargo a taga, don rage amsa-kuwwa. Liƙa kwalin ƙwai a bango ɓata lokaci ne. In janareton maƙwabta na kuka, jira ya mutu, don Auto-Tune, manhajar daidaita murya, ba ya goge ƙara.